Makarantar Wuya ta Injiniya Balarabe

Idan ka sauka a tashar Gwarzo ka tambayi shagon Balarabe mai caji, kowa zai nuna maka, amma kada ka kuskura ka kira shi da wannan suna a gabansa. Injiniya ake cewa. Ba wata makaranta ce ta ba shi wannan laƙabi ba, shi ya naɗa wa kansa ranar da ya buɗe wayar wani direba, ya hura mata iska, Allah ya taimake shi ta kama aiki. Tun daga ranar bakinsa bai sake rufuwa ba. A faɗarsa babu na'urar da aka ƙera a duniya da zai juya ta a tafin hannu bai gane cikinta ba. Wayoyin da suka mutu a hannunsa kuwa, cewa yake dama da ajalinsu suka zo. Yana da tabarau mai faɗi da ba na ciwon ido ba, da hula da kullum yake karkata ta har ta rufe rabin kunnen dama, wai haka masu ilimi suke yi.

Mutum ɗaya ne ke iya tsinke masa zance, shi ne taubashinsa Sharfaddeen, mai irin wannan shago a Kabo. Uwar Balarabe da uban Sharfaddeen ciki ɗaya suka fito, don haka duk baƙar maganar da suka yaɓa wa juna wasa ce, ba mai kai ƙara.

Cikin bazarar da ta wuce, wata mota ta tsaya a ƙofar shagon, wata matashiya mai suna Zinnira ta fito riƙe da kwali. Ta ce daga wani kamfani take a Kano, sun ƙera wata 'yar na'ura da ake saƙalawa a kunne, sun sa mata suna 'Yar Raɗa. Girmanta bai wuce ƙwallon dabino ba. Ana haɗa ta da waya, sai mutum ya bar wayarsa a aljihu ya ci gaba da nomansa ko tuƙinsa. In ya taɓa kunne sai ta yi magana ta tambaye shi abin da yake so. In ya gyaɗa kai ya amince ke nan, in ya girgiza ya ƙi.

"Injiniya, ka saurare ni da kyau," in ji Zinnira. "Ba mutane muka zo gwadawa ba. Na'urar muka zo gwadawa, ita da ɗan littafin bayaninta. So nake ka samo mini mutanen da ba su taɓa ganinta ba. Zan miƙa musu ita da littafin, in koma gefe in zuba ido. Duk inda suka rikice, a nan ne aikinmu bai yi kyau ba, sai mu gyara."

"Hajiya, ai kin zo gidan iyawa."

"Ban ce iyawa nake nema ba. Wanda ya kasa ya fi mini amfani a kan wanda ya iya."

"Haka ne, haka ne," in ji Balarabe, yana murmushin wanda ya gano wayon baƙo.

Ta gaya masa kamfanin zai naɗa wakili guda da zai riƙe Gwarzo da Kabo, kuma tsakaninsa da Sharfaddeen za a zaɓa, wanda zaman gwajinsa ya fi amfani shi za a ba. Laraba za ta yi Kabo, Alhamis ta zo Gwarzo. Ta bar masa kwalin don ya yi wa na'urorin caji, ta roƙe shi kada ya nuna wa kowa, kada kuma ya koya wa kowa komai.

Motar ba ta gama ɓacewa ba ya aika wa mai fenti ya rubuta masa allo: INJINIYA BALARABE, BABBAN WAKILIN 'YAR RAƊA, GWARZO DA KABO DA KEWAYE. Sannan ya kira Sharfaddeen.

"Taubashi, ka fara share shagonka, don nan gaba reshena zai zama."

"Reshen me? Na kashe wayoyi?"

"Jarrabawa ce za a yi, Gwarzo da Kabo. Ka gaya wa mutanenka su ci abinci sosai kafin su sha kunya."

"Cewa aka yi jarrabawa ce?"

"Ba a faɗa ba. Amma yarinya ta taso tun daga Kano don ta ga mutum ya kasa? Wa ka taɓa ji an ba muƙami don ya kasa?"

Ya kashe waya ya farke kwalin. Littattafan bayanin ya fara cin karo da su, ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera. Littafi, a cewarsa, na wanda hannunsa ba shi da ido ne. Ya leƙa waje ya ƙwala wa Uwaliya kira, dattijuwar da ke tuyar ƙosai a gefen shagonsa, ya zube mata su gaba ɗaya.

"Inna, ga takardar naɗe ƙosai, mai sulɓi, 'yar Kano."

"Allah ya yi albarka. Ba dai ta mutane ba ce ko?"

"Ta wakili ce."

Ya haɗa guda da wayarsa, ya cusa a kunnen dama, ya mayar da hula ya karkata. Sai ga Alhaji Jalo mai hatsi, maƙwabcinsa na shekara da shekaru, ya kawo caji. Aka shiga gaisuwa, ita kuwa gaisuwar Gwarzo ba a yi mata gaggawa. An tashi lafiya, ya iyali, ya zafi, ya kasuwa, ya mai jiki, ya muka ji da haƙuri. Bakin hular ya gogi na'urar, wata murya mai sanyi ta ce a kunnen Balarabe, "In sake kiran Sharfaddeen?" Shi kuwa yana tsakiyar "lafiya lau, lafiya lau," kai yana sama yana ƙasa.

"Taubashi, har ka fara kewata?" in ji Sharfaddeen a cikin kunnensa.

"Kai wa ya neme ka?" Balarabe ya daka tsawa, idonsa cikin na Jalo.

Jalo ya ja da baya. "Ikon Allah. Ni da na kawo maka ciniki?"

Da ƙyar aka lallashi Alhaji. Da yamma Balarabe ya hau babur zuwa ƙauyen Jama'a, hanya duk gargada, hula tana gugar kunne, kai yana gyaɗuwa da kansa a kowane rami. Kafin ya isa ya gaji da jin muryar Sharfaddeen yana tambayarsa ko ya ɓata ne a zo a ɗauke shi. Ya tsaya a gindin wata bishiya ya yi ta latse-latse har muryar ta ɗauke ɗif. Ya ce, "Yauwa, na ladabtar da ke." Bai kashe komai ba, sautin kawai ya rage har ƙasa. 'Yar Raɗa ta ci gaba da tambayarta da kiranta, shi ne dai ya daina ji.

Da wani mai hankali ne, da a nan ya gane ya tsinci abin da Zinnira ta zo nema. Balarabe kuwa ya kwana yana nazari, gari ya waye ya yanke hukunci: na'ura lafiyarta ƙalau, kawunan mutanen Gwarzo ne suka cika rawa. Mutumin garin nan ba ya iya cewa sannu sai da kai. In aka bar su haka, ranar Alhamis kowa zai yi ta kiran 'yan uwansa a gaban baƙuwa, a kai labari Kabo, wakilci ya tafi.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji shi, ya share bayan shago ya buɗe makaranta.

Ɗalibansa su ne Jalo, da Mahbub tela, da wasu 'yan acaɓa da suka ji an ce duk wanda ya jure zai samu 'Yar Raɗa kyauta in wakili ya hau. Kowa aka ɗora masa kwanon sha cike da ruwa a ka, aka jera su biyu-biyu suna fuskantar juna.

"Ku gaisa!"

"An tashi lafiya?" in ji Mahbub.

"Lafiya l..." Ruwa ya kwararo wa Jalo ta wuyan riga.

"Alhaji, da baki ake gaisuwa, ba da ƙeya ba! A sake cika masa."

"Injiniya, shekara sittin ina gaisuwa da kai."

"Shi ya sa har yau da mudu kake awo. Duniya ta ci gaba. Ku dube ni. Ni nan, ko surukina Malam Nata'ala ne ya tsaya a gabana, wuyan nan ba zai lanƙwasa ba. Surukuta daban, kimiyya daban."

'Yan acaɓa suka kalli juna, don kowa ya san Balarabe tun daga bakin layi yake tuɓe takalmi in zai je gaida Malam. Malam Nata'ala malamin Alƙur'ani ne, rabin magidantan unguwar a gabansa suka yi karatu, kuma shi ne mahaifin Hanatu matar Balarabe. Tun da aka ɗaura auren nan Balarabe bai taɓa sanin launin idon Malam ba, yatsun ƙafarsa kawai ya sani.

Bayan darasin wuya sai darasin baki. In baƙuwa ta tambaya ko sun taɓa ganin na'urar, su ce, "Ba mu taɓa ganinta ba." In ta tambayi ra'ayinsu, su ce, "Ba ta da aibi ko ɗaya." Suka yi ta maimaitawa da ƙarfi kamar 'yan firamare. Duk sanda suka faɗa daidai, malamin nasu, wanda ba ya raba kunnensa da 'Yar Raɗa, sai ya gyara hula, ya manta da kansa ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa!" Da aka tashi ya ba su aikin gida: kada wanda ya sunkuyar da kai a kasuwa ko a gida sai an ga bayan Alhamis, salla kaɗai ya ɗauke musu.

Gari ya fara ganin abin mamaki. Mahbub ya hau keken ɗinki haɓa a sama, bai ga allura ba, ya ɗinke wa wani ango aljihu da hannun riga wuri guda. Jalo ya yi awon gero yana kallon rufin rumfa, kaji suka yi walima a ƙarƙashinsa. Wani ɗan acaɓa ya wuce mai unguwa ƙeƙam, ya ce masa "ranka ya daɗe" kamar mai ba da umarni. In an kira ɗayansu daga baya, sai ya juyo da jiki gaba ɗaya, a hankali, kamar an ɗora masa tulu.

Uwaliya ce ta fara haɗa zancen. Tana zaune tana juya ƙosai tana kallon masu fita daga bayan shagon ɗaya bayan ɗaya, kowa wuya a sandare, riga a jiƙe. Ga zafin bazara yana dukan mutane. Ta ajiye matsami ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Sanƙarau!"

Kafin azahar magana ta kai har ƙauyen Lakwaya. Aka ce cutar daga shagon Injiniya ta ɓulla, cikin wani kwali aka kawo ta daga Kano, har gumi take sa mutum ya jiƙe sharkaf. Masu kawo caji suka ɗauke ƙafa. Masu waya a shagon suka riƙa tsayawa daga tsallaken titi suna cewa a jefo musu. Wani ma'aikacin lafiya ya zo a babur ya tare Jalo a rumfarsa.

"Alhaji, sunkuya ka taɓa ƙirjinka da haɓa."

Jalo ya saci kallon Balarabe, wanda ke tsaye a nesa yana kaɗa masa yatsa.

"Ba zan iya ba, likita."

"Ciwo yake maka?"

"A'a. An hana ni ne."

"Wa ya hana ka?"

"Shi ma an hana ni faɗa."

Ma'aikacin ya ce lallai abin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, ya juya zai kira mota. Jalo ya tattare babbar riga ya bi ta lungu da gudu, kai a miƙe, bai ga kwata ba sai da ya ji shi a ciki.

A gida Hanatu ta ware wa Balarabe kwanonsa da kofinsa, ta tsaya daga bakin ƙofa da kwalbar man zafi.

"Maigida, in ciwo ne ka faɗa, in kuma iskoki ne a nemi magani."

"Aiki ne na ilimi. Nan da mako guda matar wakili za a riƙa ce miki."

"Yanzu dai matar mai sanƙarau ake ce mini. An hana yara shigowa sayen ƙanƙara. Kuma Baba ya ji, ya ce zai zo ya duba ka da kansa."

Balarabe ya ture kwanon gefe. "Ki ce masa ya bari sai bayan Alhamis."

"Ni zan ce wa Baba ya bari? Ga ka ga shi, ai ka san hanya."

Bai je ba. Ya ƙara ɗaure wuya, har barci a zaune ya riƙa yi jingine da bango don kada horo ya warware.

Ranar Alhamis Zinnira ta iso da hantsi. Ɗaki shiru ta nema, ta tarar da rumfa da bencina da lasifikar haya, ga wani allo a saman shago an lulluɓe shi da zanen Hanatu. Jama'a sun cika wurin amma daga nesa, mata sun toshe hanci da mayafi. Balarabe ya tarbe ta da sabuwar shadda, ya zaunar da ita, ya sa aka kawo mata ƙosai mai zafi a takarda. A kan benci ɗalibai sun jeru kamar turakun shinge.

"Sannunku da zuwa, iyayena. Ina kwananku?"

"Lafiya lau," suka amsa baki ɗaya, kowa yana kallon sararin samaniya.

Ta miƙa wa Jalo na'ura guda. Kafin ta buɗe baki ya cafke ya cusa a kunne.

"Baba, ka taɓa ganinta ne?"

"Ba mu taɓa ganinta ba!" benci gaba ɗaya ya amsa.

"Shi kaɗai na tambaya. To Baba, yaya ka ji ta?"

"Ba ta da aibi ko ɗaya."

"Ai ban kunna ta ba tukuna."

"Duk da haka."

Ta kunna, ta ce ya taɓa kunne. Ya taɓa. Ta ce, "Ta tambaye ka ko kana son jin farashin hatsi. In kana so, gyaɗa mata kai."

Jalo ya ƙara miƙe wuya. Kwana da kwanaki ana jiƙa shi don kada ya gyaɗa, ya faɗa kwata don kada ya gyaɗa, yau kuma ga baƙuwar da kanta tana cewa ya gyaɗa. Ya tabbata tarko ne. Ya juya da jikinsa duka, benci yana ƙara, ya fuskanci malaminsa.

"Injiniya, a gyaɗa?"

"Ni kake tambaya? Na san ka ne?"

"Ni ne ba ka sani ba? Ni na yanka ragon sunan ɗanka!"

Jama'a suka fara matsowa, dariya ta fi ƙarfin tsoron sanƙarau. Zinnira ta ajiye alƙalami ta ce a kawo littattafan bayanin, ko a gwada su tunda na'urar ta gagara.

"Hajiya, gara," in ji Balarabe. "Garar garin nan ba ta da imani. Dare ɗaya ta cinye su."

Zinnira ta dubi takardar da ke hannunta. Mai ya ratsa ta, amma ga zanen kunne nan ɓaro-ɓaro da kibiya tana nuna shi.

"Wannan garar da yaji take ci?"

"Ni ma shafin caji na samu jiya!" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Nawa mai hoton batir ne!"

"Shi ya ba ni, 'yar nan," in ji Uwaliya daga gaban kaskonta. "Ya ce ta wakili ce. Kuma gaskiya tana riƙe mai."

Balarabe ya ga ruwa yana neman ƙare wa ɗan kada. Ya daka tsalle tsakiyar fili ya ɗaga hannu.

"Hajiya, rabu da waɗannan, ba su waye ba. Ni zan nuna miki yadda ake sarrafa 'Yar Raɗa. A haɗa wayata da lasifika kowa ya ji, gani ya kori ji!"

Aka haɗa, aka ƙure sauti. Ya tsaya ƙyam, ya gyara tabarau, ya buɗe baki zai fara jawabi. Sai jama'a suka dare gida biyu, maza suna zamewa ƙasa, hayaniya ta mutu. Malam Nata'ala ne tafe da sandarsa da carbinsa, Hanatu na biye da shi a nesa.

In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Nan take Balarabe ya manta da kimiyya, ya manta da wakilci, ya watsar da takalma ya zube ƙasa zai sunkuyar da kai. Wuya ya ce bai san zancen ba. Kwanakin da ya yi yana ɗaure shi da barcin zaune sun yi aikinsu, ya ƙage da gaske. Ga Balarabe tsugune a gaban surukinsa, haɓa a sama, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Balarabe," in ji Malam a hankali, "an ce ba ka da lafiya."

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam."

"To me kake nema a fuskata?"

"Wallahi Malam ƙasa nake son kallo, ita ce ta ƙi zuwa."

"Na faɗa muku sanƙarau ne!" in ji Uwaliya.

Balarabe ya kama kansa da hannu biyu yana dannawa, ya ture hula ta gogi kunne. Lasifika ta yi gyaran murya, muryar nan mai sanyi ta cika tasha: "In sake kiran Sharfaddeen?" Shi bai ma ji ba. Tunda wuya ya ƙi, sai ya dafa ƙasa ya riƙa kai ƙirji ƙasa yana ɗagowa, yana kaiwa yana ɗagowa, kamar ƙadangare a kan katanga, yana "Allah gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya." 'Yar Raɗa ta ɗauka amincewa ce.

"Salamu alaikum mutanen Gwarzo!" Muryar Sharfaddeen ta fashe daga lasifika. "Taubashi, yau ka makara. Mun taru tun ɗazu muna jiran darasi."

Balarabe ya daina kai ƙirji ƙasa.

"Ai tun da ka buɗe makarantar nan, duk sanda ka ce yauwa sai wayata ta yi ƙara. Mukan ajiye ta a tsakiyar shago mu zauna. Mai shayinmu har ya daina kunna rediyo. Ina Alhaji Jalo? A ce masa mutanen Kabo suna yi masa sannu da wanka. Ba ta da aibi ko ɗaya!" Aka ji wasu muryoyi a bayansa sun amsa baki ɗaya suna ƙyaƙyatawa.

"Kashe! A kashe!" Balarabe yana lalubar kunne.

"Tsaya mana, tambaya ɗaya gare mu. Mun yi musu a nan. Da ka ce ko surukinka Malam Nata'ala ne ya tsaya a gabanka wuyanka ba zai lanƙwasa ba, surukuta daban kimiyya daban, da gaske kake ko cika baki ne?"

Tasha ta yi tsit, har ana jin ƙosai yana soyuwa. Hanatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam ya dubi mutumin da ke tsugune a gabansa yana kallonsa tsakiyar ido, hawaye na bin gefen tabarau. Ya matsa kusa da lasifika.

"Sharfaddeen, Nata'ala ne ke magana. Ka gaya wa mutanen Kabo ba cika baki ba ne. Ga shi nan a gabana, ya cika alkawari."

Dariyar da ta tashi har direbobi suka fito daga motoci. Jalo ya gyaɗa kai ya gyaɗa, ya ce wallahi ya yi kewar abin nan. Wani ɗan acaɓa ya yi tsalle don murna ya kama zanen da ke saman shago, zane ya zame, allo ya bayyana da manyan haruffa, GWARZO DA KABO DA KEWAYE, aka sake kecewa.

Zinnira ta share hawayen dariya, ta juya takardar ƙosanta, ta kai ta saitin idon Balarabe tunda shi ba ya iya sunkuyawa. A can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, an bayyana yadda ake kashe amsa da kai gaba ɗaya, latsawa ɗaya ce mai tsawo.

"Laifinmu ne da muka ɓoye shi a nan," in ji ta. "Jiya a Kabo ma ba wanda ya gano shi. Hijabi ya yi ta kunna ta, gaisuwa ta yi ta kiran mutane, wata tsohuwa ta wanke ni tas ta ce wanda ya ƙera abin nan ba shi da manya a gidansu. Na cika littafi da gyare-gyare. Abin da na roƙe ka ke nan, Injiniya, ka bar mutane su kasa."

"To wakilcin fa, Hajiya?" ya tambaya da 'yar murya, yana kallon sama.

"Yana Kabo."

A kan babur aka kai shi gida, wani ya riƙe masa kai daga baya. Hanatu ta yi kwanaki tana gasa masa wuya da ruwan zafi, kuma ba ta tausaya wa tsumman ba. Allon kuwa, Sharfaddeen ya zo da kansa ya sauke, ya ce kayan taubashi halal ne, ya sa aka goge suna ɗaya aka rubuta wani.

Bayan damina sabuwar 'Yar Raɗa ta fito, an cire mata amsa da kai, an sake littafin da manyan haruffa. A shafin farko akwai zanen wani mutum tsugune gaban dattijo, haɓa a sama, an ja masa jan layi, a ƙasa an rubuta: Gaida manyanka yadda ka saba. Ba a sa suna ba, amma mai zanen ya yi masa tabarau mai faɗi da hula a karkace. Balarabe, wanda bai taɓa buɗe littafin bayani ba a rayuwarsa, yanzu da shi yake yawo a aljihu. Duk wanda ya kawo caji sai ya buɗe masa ya ce, "Duk Gwarzo wa aka taɓa bugawa a littafin kimiyya in ba ni ba?"

Wuri ɗaya ne ba ya fito da shi. Ranar Juma'a in ya je gaida surukinsa, tun daga bakin layi yake tuɓe takalmi, ya shiga zaure da rarrafe, ya kai goshi har yana share tabarma, ya yi ta gyaɗawa yana biyan abin da ya wuce. Malam Nata'ala yakan bar shi ya yi mai isarsa, yana jan carbi, sannan ya ce:

"Ɗago haka nan, Balarabe, kada ka kira mana Kabo."